Me Ya Sa Wasu Ƙungiyoyin Ɗalibai Ke Yin Fice A Gasar Mutum-mutumi, Wasu Kuma Ba Sa Kai Labari? Tambayoyi Da Amsoshi

Na yi shekaru ina taimaka wa wata ƙungiyar 'yan sakandare a jihar Michigan ta Amurka wajen shirin gasar ƙera mutum-mutumi, aikin sa-kai ne da nake yi bayan na tashi daga wurin aiki. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye da malamai suka fi yi mini, har da 'yan'uwa daga gida da suka ga hotunan yaran suka so sanin yadda abin yake.

Wace gasa ake magana a kai, kuma yaya ake yin ta?

Wadda na fi sani ita ce FIRST Robotics Competition. Wani mai ƙirƙire-ƙirƙire, Dean Kamen, shi ya kafa ƙungiyar FIRST a 1989, aka yi gasar farko a 1992 a zauren wasannin wata makarantar sakandare da ke Manchester a jihar New Hampshire, da ƙungiyoyi 28 kacal. Yau dubbai ne, daga Amurka da Kanada da Turkiyya da Isra'ila da Brazil da Mexico da sauransu.

A farkon watan Janairu ake bayyana sabon wasa, kowace shekara da nata. A 2024 zobban soso ake harbawa cikin wata kafa, a 2025 kuma guntayen bututun roba ake ratayawa a kan sanduna. Daga ranar, ɗalibai na da 'yan makonni su zana na'ura, su yanka ƙarfe, su ja wayoyi, su rubuta manhaja. Duk da ana ce masa mutum-mutumi, ba siffar mutum gare shi ba. Ya fi kama da amalanke mai injin lantarki, nauyinsa ya haura kilo 50, yana gudu a fili mai tsawon kusan mita 16. Ana karawa uku-uku, ɓangaren ja da ɓangaren shuɗi, kuma wasa guda bai kai minti uku ba. A 'yan daƙiƙoƙin farko na'urar ce ke tuƙa kanta, daga nan sai direbobi su karɓa.

To tunda rana ɗaya aka ba kowa wasan, doka ɗaya, daga ina bambancin ke fitowa?

Wasan ne sabo, amma ƙungiyoyin ba sababbi ba ne. Wannan ita ce amsar da na fi gamsuwa da ita bayan duk abin da na gani.

Ɗauki ƙungiya mai lamba 254 da ke San Jose a California. Ta ci kofin duniya a 2011 da 2014 da 2017 da 2018 da 2022, kuma a 2018 ta gama kaka ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Yaran da suka ci a 2011 sun daɗe da gama jami'a kafin 2022. Ke nan abin da ke cin kofin ba kan wani yaro guda ba ne. Abin da ya zauna a ɗakin ƙere-ƙerensu ne: zane-zanen shekarun baya, manhajar tuƙi da aka riga aka gyara kurakuranta, manyan da suka ga irin wannan matsala sau goma, da al'adar cewa duk wanda ya iya abu sai ya koya wa na bayansa kafin ya tafi.

Ranar da aka bayyana wasa, irin wannan ƙungiya tambaya ɗaya ce a gabanta: yaya za mu ɗauki wannan abu mu kai shi can da sauri? Ƙasan na'urar, wato tayoyi da wayoyi da mazaunin batir, sun riga sun san yadda za su yi shi. Sabuwar ƙungiya kuwa sai ta cinye mako uku tana fama da na'urar ta yi tafiya a miƙe. Yaran duka masu ƙwaƙwalwa ne, amma waɗancan sun fara daga tsakiyar hanya.

Ba maganar kuɗi ba ce kawai?

Kuɗi na da tasiri sosai, wanda ya ce ba su da shi bai taɓa cike takardar neman tallafi ba. A 2024 kuɗin rajista kaɗai ya kai kusan dala 6,000, kafin a zo kan kayan aiki da mota da otal da abincin yara talatin. Akwai ƙungiyoyin da manyan kamfanoni ke ɗaukar nauyinsu, akwai kuma waɗanda iyaye mata ke toya kek suna sayarwa don a biya kuɗin bas.

Sai dai ya kamata a lura da abin da kuɗin ke saya. Suna sayen damar yin kuskure. Mai kuɗi zai gwada hannu iri uku na ɗaukar ƙwallo, ya jefar da biyu. Marar kuɗi, abin da ya fara yankawa shi zai kai fili, ko ya yi kyau ko bai yi ba, don babu kuɗin sayen wani ƙarfen. Suna kuma sayen lokaci. Mai injin yankan ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa zai fitar da sashe cikin awa guda, wanda wani zai kwana biyu a kai da zarto da magagari.

Misali mafi bayyana shi ne tsohuwar dokar jaka. Har zuwa 2019, idan mako shida ya cika, dole kowace ƙungiya ta sa na'urarta a babbar jakar leda ta rufe, ba ta sake taɓawa sai a wurin gasa. An yi dokar don a daidaita kowa. Amma masu hali sai suka riƙa ƙera na'ura biyu iri ɗaya, su rufe guda, su ci gaba da atisaye da gyare-gyare a kan ɗayar. Talakan ƙungiya kuwa ya zauna yana kallon jaka. Daga kakar 2020 aka soke dokar, kuma a ganina an yi daidai.

Duk da haka na ga ƙungiyoyi masu ɗakin aiki kamar masana'anta da ba sa taɓuka abin kirki, saboda babu wanda ya san abin da zai yi da injinan.

Gaskiya ne manyan injiniyoyi ne ke ƙera wa yara na'urar a wasu ƙungiyoyin?

Wannan ce maganar da ta fi jawo ɓacin rai a wuraren gasa. Dokar FIRST ba ta hana manya sa hannu ba. Hasali ma Kamen ya gina gasar ne a kan yara su yi aiki kafaɗa da kafaɗa da injiniyoyi na gaske, su ga yadda ake yi, su yi sha'awar zama irinsu. Ƙungiya mai lamba 118 a Houston tana aiki ne da injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, na cibiyar Johnson, kuma ba a ɓoye ake yi ba.

Akwai wuraren da manya suka yi yawa a kan na'ura, yara na tsaye da hannu a aljihu. Na gani, kuma ba na jin daɗinsa. Amma sau da yawa zargin ba ya tsayawa idan ka matsa kusa. Ka je rumfar babbar ƙungiya ka tambayi yarinya 'yar shekara 16 dalilin da ya sa suka zaɓi wannan giyar inji, za ta yi maka bayani da lissafi har ka gaji. Babban da ya iya aikinsa, tambaya yake yi: "Kin auna? Idan wannan ya karye a tsakiyar wasa, minti nawa za ki ɗauka ki canja shi?" Ƙungiyar da ba ta da mai yi mata irin wannan tambaya, sai a fili take gano amsar, a gaban jama'a.

Marigayi Woodie Flowers, farfesan jami'ar MIT da ya yi tafiyar tare da Kamen tun farko, shi ya dasa al'adar cewa ka yi takara iya ƙarfinka amma ka taimaki abokin karawarka. Kuma ana yi. Idan injinka ya ƙone, sanarwa ake yi da lasifika, sai ka ga wanda za ku kara da shi nan da rabin awa ya kawo maka nasa.

Me ke sa ƙungiya ta yi fice bana, baɗi ta koma ƙasa?

Yaye ɗalibai. Sakandare a Amurka shekara huɗu ce, don haka duk shekara akwai masu tafiya. Idan yaro ɗaya ne ya iya manhaja, ranar da ya tafi jami'a, manhajar ta tafi da shi. Haka idan malami ɗaya ne ke riƙe da makullin ɗaki da lissafin kuɗi da lambar wayar masu tallafi, ranar da aka yi masa canjin makaranta ƙungiyar na iya mutuwa.

Annobar korona ta nuna wannan ƙarara. An dakatar da kakar 2020 a watan Maris, a 2021 kuma ba a yi gasar haɗuwa yadda aka saba ba. Da aka dawo a 2022, ƙungiyoyi da dama sun wayi gari kusan babu yaron da ya taɓa tsayawa a gefen fili. Waɗanda suke da abin da suka rubuta da manyan da suka zauna sun farfaɗo da wuri. Wasu kuwa ba su sake dawowa ba.

Wanne ya fi: na'ura mai yin komai, ko mai yin abu ɗaya?

A nan ne ƙananan ƙungiyoyi suka fi cutar da kansu, kuma mu ma mun faɗa. Wata shekara muka zauna ranar da aka bayyana wasa, yara cike da ɗoki, muka yanke cewa na'urarmu za ta ɗauka daga ƙasa, ta harba sama, ta kuma hau sanda a ƙarshe. Ni ne babba a wurin, kuma ban ce a'a ba, don ban so in kashe musu gwiwa. Muka raba yara goma sha biyar gida uku. Daren da za mu tafi gasa ne karo na farko da sassan uku suka haɗu a jiki ɗaya. Hannun ɗauka yana gogar mazaunin batir. Nauyi ya wuce ƙa'ida, sai da muka zauna muna huda ramuka a jikin ƙarfe don mu rage. Direbanmu bai tuƙa cikakkiyar na'urar ko na minti goma ba kafin wasan farko. Muna ji muna gani wata ƙungiya mai yara shida, da na'urar da abu ɗaya tak take yi, tana kai da komowa kamar agogo, aka zaɓe ta zuwa zagayen ƙarshe, mu kuwa muka tattara kaya.

Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Manyan ƙungiyoyi suna iya yin komai saboda suna da hannuwa da lokaci. Ƙaramar ƙungiya kuwa ƙarfinta shi ne ta karanta littafin doka da kyau, ta lissafa wane aiki ne ya fi ba da maki a kan ƙaramar wahala, ta yi shi har ya zama ba ta kuskure. Saboda wannan ne ƙungiya ta 118 ke fitar da zanen wata na'ura mai sauƙi da suke kira Everybot kowace shekara, kyauta, wadda za a iya ƙerawa da kayan aiki na hannu. Ƙungiyoyi da yawa sun kai zagayen ƙarshe da ita.

Me ya sa na'ura ke aiki lafiya a ɗakin ƙere-ƙere, a fili kuma ta tsaya cik?

Saboda a ɗaki babu wanda ke bangazarta. A fili kuwa ƙarfe mai kilo 50 ne zai taho da gudu ya yi karo da ita. Duk wayar da ba a ɗaure da kyau ba, duk notin da ba a matse ba, ranar yake nuna kansa.

Batir ma babban abu ne. Guda ɗaya aka yarda a sa, mai dalma, ɗan'uwan na mota amma ƙarami. Idan ya tsufa, ko injina suka ja wuta da yawa lokaci guda, sai kwamfutar cikin na'urar ta fara yanke wa injina wuta don ta tsira da kanta. Za ka ga na'urar na tafiya tana ɗingishi, kamar fanka idan wuta ta zo rabi. Ƙungiyoyin da suka goge suna rubuta lamba da shekara a jikin kowane batir, suna gwada shi kafin wasa, suna da takardar dubawa da yaro ɗaya ke bi layi-layi: a ja kowace waya a gani, a taɓa kowane noti, a duba sarƙa. Aiki ne marar armashi, babu yaron da ke shiga ƙungiya don shi. Amma wasannin da aka rasa saboda waya guda ta zare, a abin da na gani, sun fi waɗanda aka rasa saboda zane bai yi kyau ba.

Direba fa, yana da tasiri har haka?

Ƙwarai. Na'ura matsakaiciya a hannun direban da ya yi awa hamsin yana atisaye takan doke na'ura mai kyau a hannun wanda ya yi awa biyu. Direba yana tsaye ne a bayan gilashi a ƙarshen fili, wani lokaci na'urarsa na can nesa, wasu biyar na gilmawa, ga kiɗa, ga ihu. Idan yana rage daƙiƙa biyu a kowane zuwa da dawowa, a ƙarshen wasa ya ƙara zagaye biyu ko uku, kuma sau da yawa tazarar ke nan.

Atisaye yana son fili, fili kuma yana son wuri da kafet da kuɗi. Masu hali suna da cikakken fili nasu. Sauran kuwa a barandar makaranta suke yi bayan an tashi, ko su roƙi maƙwabta. Shi ya sa gama na'ura da wuri ya fi ƙawata ta.

Babu sa'a a ciki?

Akwai. A wasannin share fage kwamfuta ce ke haɗa ka da abokan ƙawance, yau ka faɗa da gwanaye, anjima ka faɗa da wanda na'urarsa ba ta motsi. Don haka matsayin ƙungiya a teburi ba koyaushe yake faɗin gaskiyar ƙarfinta ba.

Amma tsarin ya tanadi gyara. Bayan share fage, ƙungiyoyin da ke sama ne ke zama shugabannin ƙawance takwas, su zaɓi abokan tafiyarsu da kansu. A nan aikin masu sa ido ke fitowa: yaran da suka wuni a kan benci suna rubuta abin da kowace na'ura ta yi a kowane wasa, nawa ta ci, sau nawa ta lalace, ko direbanta na jawo laifi. Ƙungiyar da ke da wannan bayani takan zaƙulo na'urar da ke matsayi na 25 wadda ta fi ta matsayi na 9 amfani. Wadda ba ta da shi, teburi kawai take bi. Daga 2023 ma sai an doke ƙawance sau biyu kafin ya fita, abin da ya rage yadda tsautsayi guda ke kawo ƙarshen tafiyar ƙungiya.

Inda ƙungiya take zaune yana da tasiri?

Yana da shi. Michigan ta fi kowace jiha yawan ƙungiyoyi, kuma ba haka kawai ba: nan ne cibiyar masana'antar motoci, injiniyoyi sun yi yawa, gwamnatin jiha kuma tana ba makarantu tallafi don wannan gasa. A nan aka fara tsarin gundumomi a 2009, inda kuɗin rajista ɗaya ke ba ka gasa biyu a kusa da gida. Wanda ya yi gasa biyu yana da damar gyara abin da ya gani a ta farko. Wanda kuɗinsa na gasa ɗaya ne, kuma sai ya hau jirgi kafin ya je, kakarsa duka kwana uku ce.

Kayan da ake saya a haɗe sun rage tazarar ko sun ƙara ta?

Duka biyun. Akwai wani salon tayoyi da kowace ke juyawa da kanta, na'ura ta tafi gefe ko baya ba tare da ta juya jiki ba. Da can sai manyan ƙungiyoyi ke iya ƙera shi. Yanzu kamfanoni na sayar da shi a haɗe, manhajarsa kuma tana nan kyauta a intanet, don haka ƙungiyoyi da yawa sun samu. Sai dai yana cin dubban daloli, kuma wanda bai da shi yanzu an bar shi a baya fiye da da. Haka alamomin baƙi da fari da aka fara liƙawa a fili daga 2023 don kyamara ta gane inda na'ura take: kowa na ganinsu, amma sai mai ɗalibin da ya zauna ya koyi amfani da su ke cin moriyarsu.

Idan aka ba kowa kaya iri ɗaya fa, bambancin zai gushe?

An gwada. Gasar FIRST Global, wadda aka fara a Washington a 2017, tana aika wa kowace ƙasa akwatin kaya iri ɗaya, kuma ƙasashen Afirka da dama suna zuwa, har da Najeriya. Tazarar takan ragu, amma ba ta ɓacewa, don wasu abubuwan ba a akwati suke ba. Wani akwatinsa zai makale a kwastan makonni. Wani ba shi da wutar cajin batir. A waccan gasar ta farko, sai da aka hana 'yan matan Afghanistan da yaran Gambiya bizar Amurka, daga baya aka ba su bayan maganar ta karaɗe duniya.

Kuma idan aka samu malamai tsayayyu da lokacin atisaye, yaran nahiyar Afirka suna cin kofi. A 2019 'yan matan makarantar Methodist da ke Mamfe a Ghana sun zo nan Michigan suka lashe rukunin manya na gasar Robofest.

Malami ne ni, ina son kafa ƙungiya. Da me zan fara?

Malam, kada ka fara da babbar gasa. Akwai gasar VEX da ta FIRST Tech Challenge, na'urorinsu ƙanana ne da za a ɗora a kan tebur, kayansu kuma ana kwancewa a sake amfani da su baɗi. Nemi babba na biyu tun kafin ka nemi kuɗi, ko da makaniki ne ko mai gyaran lantarki, don kada komai ya rataya a wuyanka. Ɗauki yara daga ƙananan azuzuwa, ba 'yan ajin ƙarshe kaɗai ba, kuma ka sa kowane babban yaro ya riƙe ƙarami a gefensa. Sayi babban littafi, a riƙa rubuta abin da aka gwada da abin da ya lalace da dalilinsa, da kwanan wata. A shekarar farko ku zaɓi aiki ɗaya a cikin wasan, ku gama na'urar saura mako biyu, sauran kwanakin ku bar wa direba.